Shayin da Na Cika Har Baki

Ko na manta sunan makarantar da na gudu na bari, ba zan manta ranar da na kori baƙo da shayi ba.

Lokacin na yi aiki huɗu a Manchester, ba wanda na kai wata biyu. Babanmu ya gaji da ganina a falo, ya tura ni wajen kawuna a wata unguwa da ake kira Handsworth. Kawu ya samo min aikin kula da maƙwabcinsa, wani tsohon Bature ɗan mishan: cefane, shara, raka shi wajen likita. Na ce, "Kawu, ɗan mishan fa?" Ya ce, "Kai da makaranta ta kasa juya ka, wa zai juya ka? Wuce."

Tsohon ya yi shekaru a wani garin masu haƙar kwal a Kazakhstan, kullum hirarsa can take komawa. Wai garin iska ne da ƙanƙara da hayaƙi. Kazak, Rashawa, Jamusawa, 'yan Koriya, duk rami ɗaya suke shiga, in sun fito fuska baƙi ƙirin, ba ka gane waye waye. Ya kan ce, "Na je in koya musu addini, abin da na samu mabiya uku ne, sai ciwon gwiwa. Su suka koya min shan shayi."

To shayin nan shi ke ba ni haushi. A wasu 'yan kwanonin tangaran marasa mariƙi yake zubawa, ɗan kaɗan a ƙasa, kurɓa biyu ya ƙare, sai ya ƙara. A raina na ce rowa ce kawai. Ban tambaya ba. Ni a lokacin ba na tambaya, komai na sani.

Wata rana ya ce min zai yi baƙo, wani Musulmi mai haƙar kwal wanda ya sauke shi a gidansa farkon zuwansa garin. Ba su rabu da daɗi ba. Tsohon ya ba ɗan mutumin littafin addininsu a ɓoye, uban ya gane, daga nan ko gaisuwa babu har ya baro ƙasar. Yanzu mutumin ya zo ganin 'yarsa da ke karatun jami'a a nan kusa da mu, jibi zai koma. Tsohon ya ce, "Haƙuri nake so in ba shi. Ni da shi ba mu da wata shekarar jira."

Bayan azahar suka iso, shi da 'yar. Ƙaton dattijo mai haƙorin zinare, ba fara'a ko ɗaya. Suka gaisa sama-sama. Tsohon ya rasa ta inda zai fara, sai ya ce in zuba musu shayi, shi zai hau sama ya ɗauko hotuna. Da gwiwar nan tasa, hawa sama tafiya ce ta gaske.

Na ce yau zan fitar da shi kunya. Na cika kwanonin nan har baki, har ina lallaɓawa kar ya zube. Dattijon ya kalli shayin, ya kalli matakala, ya yi wa 'yarsa magana. Ta ce min, "Mai gidan ne ya ce ka zuba haka?" Ni kuma don ogana ya samu yabo, na ce, "Shi ya ce. Har cewa ya yi in cika sosai."

Dattijon ya shanye da zafinsa, ya shafa fuska, ya sa takalmi, suka fice.

Da tsohon ya sauko ya ga kwanon 'yar cike ba a taɓa ba, sai ya zauna a kan matakala. Ya ce a can, rabin kwano yana nufin zauna, zan yi ta ƙara maka. In aka cika maka, an ce sha ka kama hanya ke nan.

Na fita a guje da safa, butar shayin tana hannuna ban ma sani ba. Na same su a wajen jiran bas, ga bas ɗin can yana tahowa. Na yi sallama ina haki, dattijon ya amsa da mamaki. Na ce wa 'yar, "Don Allah gaya wa Baba ƙarya na yi. A gidanmu in ka ba baƙo rabin kofi, mahaifiyata sai ta yi sati ba ta kula ka ba. Tsohon nan tun jiya yake goge kwanonin saboda shi."

Ta fassara. Bas ya tsaya, direba yana kallon safata. Dattijon ya karɓi butar, ya buɗe, ya sunsuna, ya yi magana. 'Yar ta danne dariya ta ce, "Baba ya ce shayin ma bai yi ba, sai ya je ya dafa da kansa."

Muka koma gida, shi ya dafa kuwa. Ya tsiyaya wa tsohon ɗan kaɗan a ƙasan kwano, tsohon ya riƙe da hannu biyu yana hawaye. Sannan ya juyo, ya cika nawa har baki, haƙorin zinaren nan a waje. Na sha na ba su wuri.

Tun ranar, in na ga mutum yana yin abu yadda ba na gidanmu ba, sai na tambaye shi dalili kafin in ce zan gyara masa.