Umma ta haɗiye mochi kamar tuwo

Jama'a, ku taya ni gode wa Allah, yau saura ƙiris kayan zaƙin Japan su raba ni da mahaifiyata.

Wata abokiyar aikina 'yar Japan ce ta ba ni kwalin mochi a ofis. Wani abu ne fari mulmulalle, da shinkafa mai danƙo ake yin sa, da wake mai zaƙi a ciki. Na duba, ba naman alade, ba giya. Na hau jirgin ƙasa na kawo shi gida.

Kun san Umma satinta biyu da zuwa daga Kano. Ta ɗauki ɗaya ta latsa, ta ce, "Au, su ma suna tuwon shinkafa?" Kafin in ce mata tauna shi ake yi, ta yi bisimilla, ta gutsiri rabi, ta haɗiye kamar loma.

Sai na ji shiru. Idanunta sun firfito, ta riƙe wuya, ko tari ta kasa.

Innalillahi! Na zagaya bayanta, na rungumo cikinta na matsa sama da ƙarfi, yadda aka koya mana a wurin aiki. Na ɗaya, ba komai. Na biyu, ba komai. A na uku abin ya yi tsalle ya faɗa kan kafet.

Na zube a ƙasa ina kuka. Ita kuwa ta sha ruwa, ta gyara ɗankwali, ta harari kwalin.

Ta ce, "Ke, daina kukan nan, laifinsu ne. Wa ya taɓa ba mutum tuwo ba miya?"