Ranar da ƙudan zuman Tahifet suka mutu

Ina cikin ba ɗiyata Hadiza ruwan magudanar lambu da tafin hannuna, sai na ga ƙudan zuma zube a bakin ruwan, wasu na juyi a ƙasa sun kasa tashi.

Wajen 1965 ne, muna zaune a Tamanrasset. Maigidana na da amya shida a lambun wani tsoho a ƙauyen Tahifet, can kan duwatsu, mun je ɗibar zuma.

Na kira tsohon. Ya duƙa ya kwashi ƙudan a hannu, ya daɗe yana kallonsu.

"Jiya aka yi feshin maganin fara a saman kwarin nan. Yarinyar ta sha?"

"Ta sha, Baba."

"To goya ta, ku kama hanyar asibiti."

Babu mota sai washegari. A kan jaki muka sauko, ina ta kiran sunanta don kada ta yi barci.

Allah ya tsare, amai kawai ta yi. Amyar kuwa ko ɗaya ba ta tsira ba.

Masu feshi a gona, kuna duba inda ruwanku ke gangarawa kuwa?