Shekarar da Aka Shuka Hatsi a Ajina

Har yau in na ji wani yana cewa yajin aikin nan ya yi wa malamai 'yan kwantaragi rana, tashi nake in ba shi wuri, don na san halin bakina. Ya yi rana, ban musa ba. Da yawa sun samu matirikil, lambar nan da ke mai da mutum cikakken ma'aikacin gwamnati, albashi kan kari, fansho na jiransa a gaba. Ni ban samu ba, kuma ba don na ƙi yajin ba.

A lokacin ina koyarwa a wani ƙauye gaba da Dogon Kiriya, inda mota ke sauke mutum ya ƙarasa a amalanke. Ni ce darakta, ni ce malama, ni ce mai buga ƙarfen shiga aji. Ajin ma na zana ne da kara. Kowace shekara bayan girbi iyaye ke kafa shi a kusurwar gonar wani dattijo da ya ara mana wurin. Sharaɗinsa ɗaya ne tak. In ruwa ya sauka yara suna ciki, zai bar mana kusurwar har a yi hutu, ya sa wake daga baya. In kuwa ya tarar ba kowa, to gonarsa ce.

Yaran nan da ƙafata na tara su. Na bi gida gida, na je har ruga na sha nono ba don ina jin ƙishi ba, sai da makiyaya suka yarda su bar min 'ya'yansu wajen tsofaffi in za su tafi da dabbobi. Ina alfahari da wannan aji, ko da iska ke ratsa shi ta ko'ina.

Wakilin sandika na yankinmu, wato ƙungiyar malamai, ɗan unguwarmu ne a Dogon Dutsi, abokin wana. Tun ina yarinya Yaya nake ce masa. Shi ma ɗan kwantaragi ne, a wata makarantar siminti cikin gari. Da bazara ta kama sai ga shi a kan babur, ko ruwan da na miƙa masa bai shanye ba ya fara.

"Kamarad, wanga karo ba wasa. Ko alli kada ki taɓa. In ku na daji kuna buɗewa, mu mi za mu hwaɗa ma gwamnati?"

Na ce, "Yaya, yaran nan in sun watse ba su dawowa."

Ya ce, "Bar min wannan. Duk wanda ya tsaya da mu, muna tsaye bayanshi."

Na rufe. Da farko an ce 'yan kwanaki ne, aka ƙara, aka sake ƙarawa, har ya zama sai baba ta gani. Ban koma gida ba. Ina zaune a ƙauyen, kullum da la'asar in hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, in tarar da saƙonsa: a ci gaba, nasara ta kusa. Mata a bakin rijiya suka fara tsokanata, Madam ta huta, Madam har ta yi ƙiba. Ina dariya kawai. Awaki kuwa, da yake babu ciyawa ko'ina, suka samu zanar ajin suka yi ta ci har ana hango allo daga hanya.

Wata safiya dattijon ya zo da kansa ya tsuguna a ƙofar gidan da nake.

"Ɗiyata, gabas ta fara haɗa hadari. Ki buɗe ko da hantsi na, in ga sawun yara a wurin, in samu abin hwaɗa ma ɗiyana masu son shuka."

Na ce, "Baba, in na buɗe na ci amanar 'yan'uwana."

Ya jinjina kai, ya yi min addu'a, ya tafi. Ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka. Aka kawo min allona da tabarmin yara aka jingine a zaure. Makiyaya suka yi arewa, wannan karon har da 'ya'yansu.

Hatsi ya tsiro ke nan muka ji a rediyo gwamnati da sandika sun sa hannu a Yamai, yaji ya ƙare. Wallahi guɗa na yi, ni kaɗai a tsakar gida. Sai daga baya sauran zancen ya iso: sufeton makarantu zai zagaya, kuma wanda aka tarar a ajinsa da ɗalibansa shi za a sa a gaba wajen ba da matirikil. Na bazama gidaje kamar mahaukaciya. Manyan yara duk suna gona. Ƙananan da na samu, waɗanda ko fartanya ba su iya ɗauka, su na zaunar a gindin aduwa, na jingina allo a jikinta.

Motar ta zo da hantsi, Yaya na zaune a baya. Sufeto ya sauko ya dubi yaran, ya dubi gonar.

"Madam, ina lakwal ɗin?"

Na nuna masa kusurwar. Bai ci min fuska ba, ban da abin faɗa a kansa. Ya ce shi abin da idonsa ya gani zai rubuta, kuma bai ga makaranta ba. Ya koma mota.

Na ja Yaya muka shiga cikin gonar, inda ba mai jin mu. Na ce ya je ya gaya wa mutumin nan dalilin da ajina ya mutu, tunda shi ya zo da bakinsa ya ce in rufe.

Ya rage murya. "Haba ƙanwata, ke ma dai. Wa ya ce ki ruhe gaba ɗai? Ai kowa na ɗan buɗewa da sahe, don kada yara su watse."

Na ce, "Har kai?"

Ya kau da ido. "Ni nawa suna da jarrabawa."

Duk kwanakin da nake hawa tudu ina karanta saƙonsa, ashe da ƙurar alli a hannunsa yake rubutawa. Ba gwamnati ce ta ci amanata ba, ita dama ba ta taɓa ce min ƙanwata ba. Direba ya danna oda. Yaya ya ce in kwantar da hankalina, za su tayar da maganata a zama na gaba, ya yi sauri ya shiga mota. A shekarar ya samu matirikil. Ni ko aka ce in jira a nemo min wani wuri, na jira har na gaji na kama sayar da atamfa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba bayan motar ta ɓace. Yaran ma sun gudu gida. Sai na ji an taɓa min kafaɗa a hankali, na juya, dattijon ne da fartanya a hannu.

Ya ce, "Yi haƙuri ɗiyata, ɗan matsa. Hatsi kike takawa."