Kwandon Albasa Zuwa Fada

Jiya da hantsi jikata ta kunna kyandir tana wasa da shi a tsakar gida. Na daka mata tsawa, ta hure shi. Ɗan siririn hayaƙin da ya tashi ya biyo iska ya same ni a bakin murhu, sai na ji ludayi ya yi mini nauyi a hannu. Mai karatu, ban sani ba ko kai ma kana da ƙamshin da yake ɗaukarka cak ya dire ka a wani zamani. Ni nawa ke nan. Ƙamshin kyandir da aka hure shi ne ƙamshin safiyar makarantarmu a Jega, lokacin muna jihar Sakkwato. Daga cocin da ke jikin ajujuwanmu yake fitowa idan an gama addu'ar safe an buɗe ƙofofi, mu kuwa muna tsaye a layi, rana tana dukan ƙeyarmu.

Za ka yi mamakin abin da ya kai jikar malamin allo makarantar 'yan Katolika. Kalma ɗaya ce ta kai ni, kuma ita ce ta hana ni sukuni shekara huɗu.

A Kashin Zama ta ƙasar Aliero aka haife ni. Babana manomin albasa ne, kakana kuwa, wato mahaifinsa, shi ne malamin unguwarmu, ba a yanke komai a gidanmu sai da yardarsa. Ina da shekara tara Gwaggona da ke aure a Jega ta zo ganin gida, ta tarar da ni ina karanta rubutun jikin buhun taki da ƙarfi, ina yi wa kaji bayani. Ta ce da Baba yarinyar nan tana da kai, a ba ta ni ta saka ni makarantar da ke bayan gidansu, wadda limamin Kirista yake kula da ita. Limamin nan Fada ake ce masa. Mu kuwa a bakinmu na Sakkwatawa, da shi da fadar sarki duk hwada muke cewa.

Baba ya so abin, amma yana tsoron abin da Kaka zai ce. Suka je zaure suka durƙusa gaban Kaka, ni ina laɓe a bayan asabari.

"Wace makaranta ta?" in ji Kaka. Kunnensa ɗaya ya riga ya fara nauyi.

"Makarantar Hwada ta, Baba," in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Hwada?" Ya gyara zama, fuskarsa ta saki. "To, in can inda ɗiyan sarki ka karatu na, mi za ni cewa? Ku tai da ita. Allah shi yi albarka."

Gwaggo ta dubi Baba, Baba ya dubi tabarma. Babu wanda ya yi ƙarya a zauren nan, babu kuma wanda ya gyara. Haka aka ɗaure mini ƙunshin kayana.

Ni kaina na tafi da mafarkin soraye da dogarai. Abin da na tarar shi ne ajujuwa masu rufin kwano, bishiyoyin dogonyaro, da wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a reshe ana bugawa da guduma. A kan ginin da ya fi tsawo akwai gicciye. Ranar farko na yi kuka har na shiɗe. Kafin mako ya zagayo na daina, kafin wata ya cika na fara ƙaunar wurin, kuma wannan ƙauna ita ce ta ƙara mini tsoro.

Mun haɗu iri-iri a wurin. Akwai 'ya'yan Inyamurai masu shagunan kayan gyaran mota, da 'ya'yan Yarbawa masu tireda, da Dakarkari, da mu tsirarun 'ya'yan Musulmi. Ƙawata ta kusa 'yar Andarai ce ta ƙasar Maiyama, ita ma riƙonta ake yi a gari. Idan aka fita tara, wato hutun cin abinci, sai mu baje a gindin bishiya: wannan ta kawo rogo, waccan moimoi, ni kuma ƙuli-ƙuli da dafaffen wake na Gwaggo. Da Sallah su bi mu gida su ci nama har su kasa tashi. Da Kirsimeti a aiko mana da shinkafa a kwanon sha mai murfi, Gwaggo ta tambayi wanda ya yanka kazar kafin ta ce a zuba.

Malamarmu Sista ce, irin matan cocin nan da ba sa aure, doguwa, mai farin lulluɓi, Hausarta a karkace. Namiji ta ce masa "ke", mace ta ce mata "kai", mu yi ta dariya a ƙarƙashin benci. Ita ta koya mini rubutu mai kyau, tana riƙe hannuna, yatsunta suna ƙamshin sabulu da alli. Idan lokacin addu'arsu ya yi, mu Musulmi mukan koma gefe. A bayan aji na ƙarshe akwai wani fili da aka jera wa duwatsu, nan muke sallar azahar, da butoci uku da Sista ta saya da kanta. Ba ta barin kowa ya koma aji bai yi ba. "Kai, yarinya, ka yi salla? Nuna goshi!" Kullum da safe kuma sai ta tambaye ni ko na je makarantar allo jiya da yamma. In na ce a'a, shara ce rabona.

Ni ma na koya mata wani abu. Albasar lambun makaranta kullum ƙanana take yi kamar goro, domin Sista ba ta san ana cire irin a dasa ba. Da sanyi ya shigo na nuna mata yadda muke yin fangali da dashe a gida. Da bazara muka tono albasa kamar dunƙulen hannu, ta ɗaga ɗaya a gaban taron safe ta ce 'yar Aliero ce malamarta. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Amma duk hutu idan motar kasuwa ta sauke ni, sai in yi ta jan ƙafa kafin in isa zauren Kaka. Tsakanina da Kaka akwai wasan jika da kaka, amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa tsohon ango. Da na shiga zaure zai fara.

"Amarya, an dawo? Kina ganin sarkin naku?"

"Muna ganin Hwada kullum, tsohon ango."

"Mi yaka sawa?"

"Hwarar riga har ƙasa."

"Rawani hwa?"

"Ba ya naɗi."

"Doki?"

"Babur gare shi."

Sai ya tuntsire da dariya har tasbaharsa ta faɗi. "Sarki bisa babur, kai ba rawani! Zamani ke nan." Ni ma in yi dariya, amma a baki kawai ta tsaya. Kowace amsa gaskiya ce, in an haɗa su duka kuma ƙarya ce, na san haka tun ina ƙarama. Ina son tsohon nan kamar raina, ina son makarantar nan kamar raina, kuma na tabbata ranar da suka haɗu ɗaya zai raba ni da ɗaya.

Da na shiga shekara ta huɗu a makarantar, 'yan littattafan soyayya na kasuwa suka fara zuwa mana daga Kano. Ni da 'yar Andarai muna ɓoye su cikin littafin lissafi. A cikinsu duk wadda ta shiga tsaka mai wuya, wasiƙa takan zo ta cece ta, ko wani baƙo mai fararen haƙora ya fito daga mota. Na saba zama a bakin taga ina kallon hanyar Aliero, ina tsara yadda tawa wasiƙar za ta zo. Sau bakwai na rubuta wa Kaka gaskiya da ajami, da kalmomi masu daɗi irin na littafi, sau bakwai na yaga.

Ran nan, bayan an cire albasa, ina ɗaura farin ɗankwalin makaranta da safe, sai na ji sallamar Kaka a ƙofar gidan Gwaggo. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya yi naɗi, ga kwandon albasa zaɓaɓɓiya an sauke a gabansa.

"Shekara huɗu sarki na riƙe min da mata, ban zo na yi godiya ba," in ji shi. "Wanga ba tarbiyya ba ta. Amarya, ɗauki kwando, ki yi gaba."

Na dubi Gwaggo. Ta ce tukunyarta tana kan wuta, ta shige ɗaki.

Na ɗora kwandon a ka muka kama hanya. Ban taɓa jin albasa ta yi nauyi irin na ranar ba. Yana biye da ni da sandarsa, yana gaisawa da mutane, yana gaya wa wanda bai tambaye shi ba cewa hwada za shi. A gabanmu akwai mararraba: dama ta nufi fadar sarki, hagu ta nufi makaranta. Na tsaya a wurin. Na roƙi Allah ya kawo hadari, ko wata mota ta tsaya, ko ƙasa ta tsage. Akuya ce kawai ta gifta. Na yi tunanin in bi dama, in ce yau sarki ya yi tafiya. Sai na ji ƙarar ƙarfen nan namu daga nesa, ana kiran layi, ƙafafuna suka bi hagu.

Da muka iso ƙofa ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon gicciyen. Ƙamshin kyandir yana fitowa, yara suna layi suna kallonmu. Sai ga Fada ya taho da farar rigarsa har ƙasa. Mutumin kudancin Zariya ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya durƙusa kamar yadda ɗa yake yi wa uba.

"Barka da zuwa, Baba."

"Kai na hwadan?"

"Ni ne, Baba. Haka yara suke kirana."

"To ina sarkin?"

Fada ya dube shi, ya dubi kwandon, ya dube ni da hawayen da suke zuba har haɓata. Na ga lokacin da ya gane. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ni ko mai unguwa ban kai ba."

Kaka ya juya ya nufi inuwa. Aka kawo masa kujera ya ƙi, ya zauna a kan saiwar dogonyaro. Bai ce mini amarya ba, ya ce, "Ke. Aje kwandon ga. Karanto min daga inda munka tsaya."

Na durƙusa a cikin rairayi a gaban makaranta duka, na yi bisimilla. A aya ta biyar na yi tuntuɓe, ya gyara mini ba tare da ya dube ni ba. Na ci gaba. Na wuce inda muka tsaya da hutu, na shiga surar gaba, na shiga ta gabanta, sai da ya ɗaga hannu.

"Ina kika salla?"

Na kai shi bayan aji, Sista da Fada suna biye. Ya dubi butocin, ya dubi duwatsun, ya ɗaga kai ya dubi rana. Sannan ya yi tsaki.

"Wa yaj jera duwatsun ga? Alƙiblar ta karkace."

Ya jingine sandarsa. Tsohon nan, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya sunkuya yana ɗaukar duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana sake musu wuri. Fada ya tattare hannun rigarsa ya kama masa, yana ajiye kowane dutse inda aka nuna masa. Ina tsaye ina kallo, sai a hankali abin ya shige ni: wanda zai cire jikarsa daga wuri ba ya tsayawa gyara mata alƙibla.

Da zai tafi ya nuna kwandon da sanda. "An ɗauko ta da sunan hwada. Ba ni maida ta gida."

Kada ka ɗauka na sha da sauƙi, mai karatu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Shekara huɗu ina tambayarki, kina ba ni gaskiya guntu-guntu." Ya tafi bai yarda na raka shi tasha ba. Baba ya yi wata uku yana gaisuwa ana amsa masa da kai. Ni kuwa hutu biyu na yi ina shiga zaure ana ce mini "ke". Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai da aka sake cire albasa, ina share masa zaure, na ji ya yi gyaran murya a bayana.

"Amarya, ya sarkin naku mai babur?"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Yana gaida tsohon ango," sannan na fashe da kuka, shi kuma yana cewa ga amaryar da ba ta iya shara ba.

Yau Kaka ya daɗe a makwancinsa, Allah ya jiƙansa. An raba jiha, mun zama Kebbi. Bara na bi ta Jega na leƙa, na tarar an zagaye wurin da katanga mai tsawo, an sare dogonyaron, an yi gini a inda duwatsun suke. Yaran yanzu kowa da makarantar mutanensa, ban sani ba ko har yau ana haɗa rogo da ƙuli-ƙuli a gindin bishiya ɗaya. Wannan tunani yakan tashe ni daga zaune in yi ta zagaya tsakar gida ba tare da na san abin da nake nema ba.

Jikar tawa mai kyandir ta zo ta jingina da ni ta ce, "Kaka, ke a ina kika yi karatu?"

Na ce, "A makarantar fada."

Ta zaro ido. "Gidan sarki?"

Na sauke tukunyar daga wuta, na jawo mata kujera. Na ce, "Zauna. Ke kam duka zan ba ki, ba guntu-guntu ba."