Baba Direba Ya Fita Cefane

"Wancan ba tsohon direban bas ɗin nan ba ne? Shi kaɗai?"

"Shi ne mana. Har da jakar cefane."

"Ba kwanan nan aka yi masa aikin ido ba? In 'yarsa ta ji, yau akwai magana."

Baba Direba ya ji su sarai, matan da ke shanya a saman bene, amma ko kai bai ɗaga ba. Rabin rayuwarsa ya yi yana jan bas a cikin gari, ko akuya bai taɓa bugewa ba, sai yanar ido ta sauke shi daga sitiyari. Tun da aka yi masa aiki, babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kafa doka: ba fita shi kaɗai. Daga gado sai kujera, daga kujera sai rediyo. Da safen nan ya yi ta naci har ta gaji, ta ce ya gwada sau ɗaya, amma in aka samu matsala, shi da titi sai dai kallo ta taga.

Ya tsara tafiyarsa yadda ya saba tsara hanyar bas. Abin da ke wannan hannun titi, a tafiya. Na wancan hannun, a dawowa. Tsallakawa kuma sau ɗaya tak, a wajen danja. Ya fara da kantin magani, ya karɓi na ɗigawa a ido. Mai gyaran agogo ya hango shi, ya ce ashe yau an sako fursuna. Mai kayan miya kuwa ta so ta cusa masa tumatir mai taushi, sai ya ɗaga ɗaya sama ya nuna mata tabon, ya ce ta bi a hankali, idon nan sabo ne, ko ledarsa ba a cire ba.

Hannunsa ne kawai ya so ya ba shi kunya. Zai sha kwana, sai ya miƙa shi waje ya ba da sigina, kamar yana cikin mota. Nan take wata tasi ta ci burki a gabansa. Ya ba direban haƙuri, ya ƙara masa da cewa tayar bayansa na neman iska.

Da ya isa danja, motoci suka tsaya, mutane suka tsallaka, shi bai motsa ba. Ya juya wajen rumfar mai jarida.

"Fito haka nan, Likita. Rana na dukanki."

'Yar ta fito tana gyara mayafi, ta fara cewa ai wucewa take yi. Ya ce tun daga ƙofar gida yake ganinta, a gilashin kantuna da madubin motocin da aka ajiye. Ya lissafa mata inda ta laɓe, da inda ta kusa faɗawa kwata tana kallonsa maimakon gabanta. Sannan ya kama hannunta, ya jira, ya tsallakar da ita kamar zai kai ta makaranta. A wancan hannun ya ce ta wuce gida, shi yana da sauran tashoshi.

Ya iso gida bayan azahar da burodi, da ƙwai, da batirin rediyo. Matarsa ta zazzage jakar tana neman abin faɗa, ta ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fashe. Sabulu ya manta, ta kuwa faɗa har sau biyu. Ya tuɓe takalmi, ya tsoma ƙafafu a robar ruwan ɗumi, ya jingina yana lumshe ido.

'Yar ta daɗe tsaye a bakin ƙofa, tana juya jakar aikinta wadda zif ɗinta ya lalace.

"Baba, gobe in za ka fita, don Allah ka biya min da wannan wajen mai gyara."