Takardun Shaida Biyu: Daga Tudun Wada Zuwa Tsafe da Nahuce

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gidanmu a Tudun Wada, gari bai gama wayewa ba. Maigidana, Malam Sanusi, ya kai ni tasha a kan babur ɗinsa. Tun jiya ya so in haƙura da zuwa Tsafe saboda 'yan bindigar da ke tare hanyar, ni kuma na ce ba zai yiwu ba.

Shekara shida ke nan ina gabatar da shirin manoma a wani gidan rediyo a Gusau. Wata jami'a ta buɗe karatun digiri na biyu mai haɗe da fanni biyu, aikin jarida da kimiyyar noma, mutum ya fito da takardar kowanne. Sun nemi shaidar mutum biyu da sa hannunsu, ɗaya ɗan jarida, ɗaya masanin noma. A ranar kuma, ƙarfe shida na yamma, za a rufe shafin karɓar takardu.

GUSAU ZUWA TSAFE

Mota ta cika tun shida da rabi, kowa ya biya naira dubu biyu da ɗari biyar, amma direba ya ƙi tashi sai bakwai da kwata. Ya ce shi ba ya zama na farko a hanyar nan, sai ya ga motocin Funtuwa sun fara shigowa. Tafiyar kusan kilomita hamsin ce. Damina ta yi nisa, dawa da masara sun rufe gefen titi, ba ka ganin abin da ke bayansu. Wata dattijuwa kusa da ni tana ta jan carbi.

Mun wuce shingen sojoji biyu lafiya. Bayan na biyun direba ya rage gudu, ya gangara gefe ya kashe mota. Na tambaye shi ko lafiya.

"Hajiya, duba gaba. Tun ɗazu ba mota guda da ta taho daga can."

Motoci suka yi ta taruwa a bayanmu. Minti arba'in muka yi a wurin. Na ciro waya in kira Malam Sanusi, na mayar, don ban san me zan ce masa ba. Can sai ga wata tirela ta ɓullo, direbanta ya ɗaga mana hannu, ya ce babbar mota ce ta lalace ta tare hanya. Dattijuwar ta yi hamdala, direba ya tada mota.

TSAFE

Tara da minti biyar muka isa. Alhaji Lawali, tsohon editan da ya koya mini aiki, ya yi ritaya ya dawo gida, idonsa kuma ya yi rauni. Matarsa ta kawo mini kunu da ƙosai, na kasa ci sosai. Ya sa na karanta masa fom ɗin, sannan ya tambaye ni me ya kai ni ga noma, alhali jarida kaɗai ta ishe ni.

Na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba. Shekara biyu da suka wuce, malamin gona da ke zuwa shirina, Malam Ɗahiru na Nahuce, ya kasa zuwa, ya aiko mini da bayani a rubuce. Wajen karantawa na haɗe layi biyu, na ce maganin ciyawar da ake fesa wa masara yana yi wa wake. Ban san bambancin ba. Wani manomi ya ji, ya fesa, wakensa ya ƙone duka. Da sunan Malam Ɗahiru na karanta, don haka shi aka zarga. Na ba da haƙuri a rediyo, amma ban taɓa taka Nahuce ba, shi ma bai sake zuwa shirin ba. Kwana takwas ke nan ina kiransa don neman shaidarsa ta masanin noma, ba ya ɗauka.

Alhaji ya faɗa mini abin da zan rubuta, ya sa hannu. Ya ce in tashi yanzu kafin rana ta yi.

TSAFE, GUSAU, BUNGUƊU

Goma da rabi na bar Tsafe, sha biyu saura minti goma ina Gusau. Ban biya gida ba. Na hau motar Bunguɗu, tafiyar kilomita ashirin da wani abu, shinge ɗaya. Na yi azahar a gidan wata ƙawata, na samu motar da ta sauke ni Nahuce ƙarfe biyu da kwata.

NAHUCE

Na sami Malam Ɗahiru a ƙofar gidansa yana gyaran tankin feshi. Muka gaisa, ya amsa ba yabo ba fallasa. Na miƙa masa fom ɗin. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce in biyo shi.

Muka yi tafiyar minti ashirin a ƙasa cikin gonaki. Ina ta duba agogo. Ya tsaya wajen wani dattijo da ke noma cikin wake, ya ce, "Malam Bawa, ga mai rediyon."

Na durƙusa na gaishe shi. Duk maganar da na shirya ta gudu, sai kawai na ce ni ce na yi kuskuren, ba Malam Ɗahiru ba. Dattijon ya jingina da fartanyarsa ya dube ni. Ya ce a shekarar nan da waken ya yi niyyar gyara rufin ɗakin iyalinsa, sai da suka ƙara damina guda ruwa na zuba musu. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, mu ba mu iya karanta abin da ag ga kwalba. Abin da kuka hwaɗi, shi muka ɗauka. In karatun ga zai sa ki san abin da kike hwaɗi, tahi ki yi shi."

Da muka dawo, Malam Ɗahiru ya zauna ya rubuta shafi guda da hannunsa, ya buga hatimi. Huɗu saura minti goma.

KOMAWA

A cikin mota na buɗe takardar. Sakin layi na farko gaba ɗaya labarin waken ne, ba abin da ya rage. A na biyu ya ce yau na je na tsaya gaban mai gonar, kuma yana so a ɗauke ni, don mutanensa da rediyo suke noma. Daga Bunguɗu har Gusau ina tunanin ko wannan takarda za ta sa a ƙi ni. Na ma yi tunanin neman wani ya rubuto mai laushi, amma na san ba zan yi ba, ko da akwai lokaci.

Biyar da minti goma na shiga shagon intanet a Tudun Wada. Sau biyu sabis yana yankewa. Shida saura minti goma sha biyu saƙo ya fito cewa an karɓa.

Na iske Malam Sanusi a tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu. Na ba shi takardar ya karanta, ya tambaya ko haka na tura ta. Na ce haka.

Har yanzu jami'ar ba ta amsa ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Lawali da iyalinsa, da Malam Bawa. Ranar Laraba mai zuwa Malam Ɗahiru zai shigo shirin, ya ce shi zai karanta bayaninsa da bakinsa.