Ranar da Aka Tsayar da Baba

Da na dawo Garuwa hutu daga jami'a, na tarar Baba yana kwance tun ranar da moto, wato babur, ta kayar da shi a hanyar kasuwa. Ƙashin cinyarsa da ya karye ya daɗe da haɗewa, likita ma ya ce a fara tayar da shi. Amma Hamma, babban wana, wanda yake riƙe masa shagon atamfa, ya ce jikin tsoho ba abin wasa ba ne, a bar shi ya huta. Shi ya sa aka tura bulo ƙarƙashin gadon ta wajen ƙafa, wai don kumburi ya sauka. Kumburin ya sauka tuntuni, bulon yana nan. Baba yana kwance kai a gangare, fuskarsa ta cika ta yi sumul kamar ta jariri, ƙafafunsa sun koma sillan kara.

Makullan shagon suna ƙarƙashin matashinsa. Da safe Hamma ya durƙusa ya karɓa, da magariba ya mayar, ban da Juma'a da ba a buɗe shagon. Baba yakan ce, "Aro ne. Ranar da na tsaya da ƙafata zan karɓi abina."

Na san irin wannan cikakkiyar fuskar ta Baba. A zangon da ya wuce aka nuna mana irinta a aji, fuskar 'yan sama jannati. A can sama babu nauyi, sai jini ya bar ƙafa ya taru a ƙirji da kai. Cikin kowace jijiyar jini akwai ƙwayoyin halitta da suka shimfiɗu kamar tabarma, suna kwantawa ta inda jini ke gudu, yadda ciyawar kogin Binuwai ke kwantawa ta inda ruwa ya nufa. Su ke jin gudun jinin, suna taya jijiya sanin lokacin matsewa da lokacin sakewa. Idan nauyi ya daɗe bai ja su ba, sai su canja kama, jijiyoyin ƙafa su yi sanyin aiki. Mutum ya dawo ƙasa lafiya lau, ya miƙe, ya zube. Malaminmu ya ce masu bincike idan suna son kwaikwayon haka a ƙasa, kwantar da mutum suke yi a gado, kai a gangare, na tsawon makonni. Ranar na fito aji ina jin tausayin jijiyoyina, waɗanda ke ɗauke da ni tun ina ƙarama ba su taɓa ƙorafi ba.

Na samu Hamma a zaure yana shan shayi, na zayyana masa duka, har da ciyawar Binuwai. Ya saurare ni fiye da yadda ya taɓa yi.

"Wato Baba ya je sama ke nan, ba mu sani ba," ya ce. "Ko biza bai nema ba."

"Hamma, a cire bulon. A fara jingina shi da matashi, bayan kwanaki ya zauna a bakin gado ya sauke ƙafa. Sannu a hankali jijiyoyin za su tuna."

"In kuma aka tayar da shi farat ɗaya fa, 'yar sama jannati?"

"Jinin zai gangara ƙafa, kai ya rasa. Zai suma."

"Tabbas?"

"Tabbas."

Ya kurɓi shayinsa, ya ce in bari a wuce Juma'a, sai mu fara.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya shigo da Baffa, ƙanin Baba, da wasu dattawan layin 'yan atamfa. Zafin Garuwa yana kan ganiyarsa, fankar ɗakin iskar wuta take hurawa. Tun da safe Hamma ya sa aka sanya wa Baba farar babbar riga da hula. Baba sai murmushi yake yi, yana amsa gaisuwa da Fulatanci da Hausa, yana tsokanar wani da cewa har yanzu kamun hannunsa a awo gajere ne. Ni ina bakin ƙofa da tiren ruwa.

"Baba, a kasuwa ana cewa ka gama," Hamma ya ce, murya a tausashe. "Na ce ƙarya ne. Tashi su gani da idonsu."

Na ce, "Hamma." A gidanmu ƙanwa ba ta katse wa a gaban baƙi, kuma Baba ya riga ya miƙa masa hannu.

Ya cicciɓo shi ta hammata, ya tsayar da shi cak. Baba ya tsaya. Ashe na manta tsawonsa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai leɓensa ya yi fari, idanunsa suka juye. Na ga Hamma ya janye hannuwansa, ya ja baya kaɗan, kamar mai ba shi wuri. Baba ya zube a gaban takalman abokansa. Hular ta gangara, gaban rigar ya jiƙe.

Dattawan suka kau da kai suna salati. Hamma ya durƙusa yana yi masa fifita da gefen rigarsa.

"Kun dai gani," ya ce. "Ni abin da nake ɓoyewa ke nan. Ku tambayi ƙanwata, ita ta karanta. Jijiyoyinsa ne suka lalace, ko ba haka kika ce ba?"

Na ce ba lalacewa ba ce, za su iya dawowa. Baffa ya ce Allah ya sa, da muryar da ake yi wa yaro magana. Da kansa ya ɗaga matashin, ya ɗauki makullan, ya danƙa wa Hamma, ya ce kada a ƙara wahalar da bawan Allah da hawa da sauka.

Baba ya farfaɗo kafin su fita. Ya ga rigarsa. Ya ga makullan a hannun Hamma.

Washegari da safe na shiga da matasai biyu. Na ce, "Baba, yau jingina kawai za mu yi. Kaɗan-kaɗan, wallahi za ka tsaya."

Ya kalli silin, ya ce:

"In tsaya in je ina, uwata?"

Ya juya fuskarsa bango. Haka na bar shi ranar da na koma makaranta, kuma bai sake sauke ƙafarsa ƙasa ba.